Ɗakin Jego a Tsohon Banki

Ku da kuka taso a Badariya, nan Birnin Kebbi, kun san mahaifiyarku Kulu mace ce mai shiru, kuma na san kun tsinci dalilin shirun nata a bakin mutane, gutsi-gutsi, a gidan biki ko gidan rasuwa. Kun ji an ce ita ta rufe yayarku a ɗaki har ta mutu. Babu wanda ya taɓa tarar ta da maganar a cikinku, wannan tarbiyya ce, na kuma gode. Amma yanzu Kulu ta riga mu gidan gaskiya, ni ma gwiwa ta fara ƙin sallar tsaye, ba na so in tafi in bar ku da rabin labari. Yayar taku ita ce 'yar farinmu, don haka ni da uwarku ba mu taɓa kiran sunanta ba, alkunya ce irin tamu ta mutanen da. A nan zan rubuta shi: Luba. Kafin in kai gare ta, sai na fara da ginin, don wanda bai san ginin ba ba zai gane abin da ya faru ba.

Tsohon bankin Argungu kun sha wucewa ta gabansa, inda yanzu masu sayar da waya suka kafa rumfuna a baranda. Ni a cikinsa na fara cin abinci da gumina, ina saurayi, masinja ne ni. Dattawan da na tarar sun ce tun zamanin kamfanonin Turawa masu sayen fata da shinkafa aka gina shi, da jan marmara da aka fafe daga tudu. Kaurin bangonsa ya kai ka miƙe hannu daga kafaɗa zuwa yatsa. An ɗora shi a kan dakali mai tsawo, sai ka taka matakala kafin ka isa baranda, barandar kuma da ginshiƙai da bakuna irin na soron sarauta, sai dai an yi su da dutse maimakon ƙasa. Tagoginsa dogaye ne, da sandunan ƙarfe da marufin katako mai tsaga-tsaga, rufin kwanon ya zarce bango sosai don inuwa. A tsakiyar bazara, lokacin da kare ke neman gindin randa, in ka shiga zauren bankin sai ka ji kamar an yayyafa maka ruwa. Aibinsa ɗaya, amsa-kuwwa. Saboda tsawon rufin, in akawu ya yi tari a bayan kanta sai a ji shi a bakin ƙofa, shi ya sa ba mai yin gulmar manaja a ciki.

A can ƙurya, bayan ofishin manaja, akwai ɗakin ajiya, wanda mu muke kira ɗakin ƙarfe. Shi ba da marmara aka yi shi ba, siminti ne da rodi aka zuba sama da ƙasa da kowane gefe, babu taga ko ɗaya. Ƙofarsa ƙarfe ce zalla, in ta rufu ko zare ba ya ratsa gefenta. Hanyar iskarsa ɗaya ce, wani bututu a saman bango mai raga a bakinsa, wanda ya ratsa ya fita ta bayan ginin. Ni nake share ɗakin, na san bututun, in ka kanga tafin hannu a bakinsa kana jin iska tana taɓa ka.

Da aka yi jihar Kebbi, harkoki suka koma Birnin Kebbi, bankin ya tashi ya koma sabon gini a bakin titi, ni kuma na samu aiki a wata ma'aikata a Birnin. Iyali na bar su a gidanmu na gado a Argungu, unguwar da ke gangaren gulbi, ina zuwa ƙarshen mako. Masu bankin sun kwance makullan ƙofar ƙarfe sun tafi da su, ƙofar dai ta fi ƙarfin ɗauka suka bar ta. Ginin ya zama sito na taki, daga baya 'yan shinkafa suka karɓi haya, da su ma suka tashi sai awaki suka gaje baranda. Abin da ban sani ba, kuma babu wanda ya sani a gidanmu, shi ne 'yan shinkafar nan gafiyoyi sun addabe su, sai suka zagaya baya suka toshe bakin bututun da siminti. Ta ciki ragar tana nan yadda na san ta.

Shekarar da nake ba ku labari, Luba tana aure a Gulma, gidan manoma, mijinta Arzika yaro ne mai hankali. Cikin fari ne, sai aka kawo ta gida goyon ciki kamar yadda aka saba, ta haihu a gaban uwarta ta yi wankan jego a nan. Damina ta yi nauyi, gulbi ya cika ya tumbatsa, ya cinye shinkafa tun daga Zauro har fadamarmu, sannan ya shigo gari. Luba ta haifi 'ya mace da safe, kafin washegari ruwa ya kwanta a tsakar gidanmu, katangar baya ta zube, ɗakin Kulu ya bi ta. Hukuma ta raba mutane, wasu makarantu, wasu tsohon banki. Da labari ya iske ni a Birnin cewa namu suna banki, wallahi hamdala na yi. Na ce duk Argungu babu ginin da ya fi shi aminci.

Na iso na tarar da zauren da na sani fes yana warin hayaƙi da jiƙaƙƙun tsummoki. Gidaje da yawa a wuri guda, an kewaye da zannuwa da buhuna, kowa da tabarmarsa da tukunyarsa, yara suna kuka, amsa-kuwwar nan tana ninka kowane kuka. Maza muna kwana a baranda. Matan da kansu suka haɗa baki suka ce mai jego ba ta zama a bainar jama'a, a ba ta ɗakin ƙurya, shi kaɗai ne mai sirri. Karamci suka yi mana. Na shiga na ɗaga kai na ga ragar bututun, na ce da Kulu ɗakin yana da hanyar iska.

Ku 'yan yanzu da kuke haihuwa a asibiti kuna dariyar wankan jego, to ku sani a wurin iyayenmu babu abin tsoro ga mai jego kamar sanyi. In ya shige ta, a cewarsu, sai jiki ya kumbura, wata ba ta ƙara moruwa. Shi ya sa safe da yamma ake tafasa ruwa a yi mata wanka da ganyen dogon yaro, a ba ta kunun kanwa da gasasshen nama mai yaji, sannan ta kwanta a gadon ƙasa da garwashi a ƙarƙashinsa. Haka aka yi wa Kulu, haka aka yi wa uwarta. Sai dai ɗakunanmu na ƙasa da rufin ciyawa ko azara suna numfashi ta ko'ina, hayaƙi ya shiga ya fita ba wanda ya taɓa kulawa. A banki babu gadon ƙasa, sai Kulu ta samo gadon ƙarfe na aro, ta riƙa zuba garwashin gawayi a kasko tana turawa ƙarƙashi. Ƙofar ƙarfen saboda nauyinta a buɗe take zama, labule aka rataya. Luba takan ce kanta yana sarawa, mata su ce ai jego ne, a ƙara mata kunu.

A barandar nan aka yi suna. Mutanen Gulma suka zo cikin kwalekwale da ragonsu, aka yanka shi a gindin matakala, aka sa wa yarinya Saratu. Ranar na ji wata tsohuwa daga cikin dangin Arzika tana leƙa fuskar jaririyar tana cewa da ta kusa da ita:

"Ɗiyag ga da ruwa taz zaka. Ran da tas sauka gidan kakanta yaf faɗi. Allah dai shi sa ƙahwatta alheri ta."

Kulu tana tsaye da ƙwaryar kunu, ta ji. Ni na ɗauka maganar tsofaffi ce kawai. Amma Kulu ta fi ni sanin yadda irin wannan magana ke manne wa 'ya mace. An taɓa yin wata a unguwarmu da aka ce tana da farar ƙafa, har ta tsufa ba a ba ta jariri ta riƙe.

Bayan suna da 'yan kwanaki aka tashi da ruwa mai sanyi, yayyafi ba ƙaƙƙautawa. Saratu kuwa ciwon ciki ya sa ta gaba, kuka take ba dare ba rana, uwar ta rame don rashin barci. Da safe na bi maza muka je tsohon gida muna zaƙulo azara da kwano daga cikin laka. Na dawo wajen azahar jiƙe sharkaf, na tarar da Kulu a ƙarshen baranda, nesa da mutane, tana jijjiga jaririyar a kafaɗa, ita kuwa sai tsala kuka take. Na ce ina uwarta.

"Barci takai. Kak ka tashe ta."

Na ce ai ba na ko shiga.

"Kukan ɗiyag ga ya hana ta runtsawa. Ko na hito da ita, zauren ga na maido mata da kukan har cikin kunne, sai ta zabura ta ce a miƙo ta. Shi na nit tura ƙohwa. Yanzu ko ganga anka buga ba ta ji."

Tana faɗa tana murmushi, irin na uwar da ta yi wa 'yarta dabara. Na yi alwala na yi sallah, na ci ɗan abin da aka ba ni. Ban ji komai a raina ba, kuma ba zan yi muku ƙaryar cewa na ji ba.

Da la'asar ruwan wanka ya tafasa, Kulu ta miƙa wa wata maƙwabciya jaririyar ta je ta ja ƙofa. Ta ƙi jawuwa da hannu ɗaya, ta kira ni na kama mata. Wani zafi mai nauyi ya bugi fuskokinmu, har sai da na ja da baya. Garwashin ya mutu, ya zama toka. Luba tana kwance a gefenta na dama, hannu ƙarƙashin kunci, zanenta a lulluɓe yadda uwarta ta lulluɓa mata. Fuskarta ta yi kyau, har da wani ja-ja, babu alamar wahala. Kulu ta taɓa ƙafarta ta ce, "Ke, tashi ruwa na hucewa." Ta sake taɓawa. Sannan na ji abin da ban taɓa ji ba tun ranar da aka haifi yarinyar, uwarku ta buɗe baki ta kira sunanta. Ta kira, ta sake kira, zauren bankin yana maido mata da shi. Har yau in na rufe ido wannan kiran nake ji, kuma babu abin da ya taɓa ƙona mini rai kamarsa.

Ma'aikacin lafiyar da aka kira ya ce iskar gawayi ce, ba ta da wari, ba ta sa tari, barci kawai take ƙara wa mutum nauyi. Na ce masa akwai bututu. Muka zagaya baya cikin ruwan nan, na ga simintin da idona, har da shatar yatsun wanda ya shafe shi.

Mutane ba su tsaya ga maganar ma'aikaci ba. Wasu suka ce aljanun da ke gadin kuɗi ne, ba a sallame su ba da banki ya tashi. Wasu suka ce to me ya kai uwa rufe 'yarta a akwatin ƙarfe. An ga Kulu tana tura ƙofar da kafaɗa, wannan kowa ya gani. Dalilin turawar ne ba wanda ya ji sai ni. Ranar sadakar uku da safe, kafin mutanen Gulma su iso, Kulu ta kira ni bayan ginin. Kwana uku ba ta ci ba, muryarta ta dushe, jaririyar tana goye a bayanta.

"Malam, abin da nig gaya maka a baranda, ka bar shi tsakaninmu."

Na ce Kulu, shi ne fa abin da zai wanke ki. Duk wanda ya ji zai san tausayi ne.

"Shi wanke ni, shi ɓata wa? Ka ji abin da tsohuwag ga tac ce ran suna. In sunka ji kukanta na yas sa, shi ke nan, ta ci gidan kakanta ta ci uwatta. Ni na tsuhwa, a hwaɗi abin da a ka hwaɗi. Ita ko yanzu taz zo duniya."

Ta sa na yi mata alkawari, na yi.

A tsohon ofishin manaja aka zauna, a kan tabarmi. Malam Bawa, mahaifin Arzika, shi ya yi magana. Ba mugun mutum ba ne, kada ku riƙe shi a haka. Ya yi addu'a, ya ce ƙaddara ta riga fata, sannan ya ce tambaya ɗaya gare shi, don zuciyar ɗansa ta kwanta.

"Kwana da kwanaki ƙohwag ga na buɗe. Don mi anka ruhe ta rannan?"

Kulu tana bakin ƙofa da lulluɓi, kanta a ƙasa.

"Ni nir ruhe."

"Mun sani. Dalili muka tambaya."

"Ba ni da wani dalili."

Malam Bawa ya juyo ya dube ni. Maganar tana kan harshena, na haɗiye ta. Ya jira, ya jira, sannan ya ce to, tunda haka ne, akwai matar wan Arzika tana shayarwa a Gulma, za su tafi da yarinyar. A al'ada, marainiyar uwa irin wannan kakarta ta wajen uwa ake bar wa, kowa a ɗakin ya san haka, kuma kowa ya gane abin da ake nufi da hana ta. Kulu ta kwance goyon da hannunta ta miƙa. Ta haɗa musu da 'yan rigunan da zanen goyo, ta ce a riƙa dafa mata ciki in ta sha nono. Ta tsaya a kan matakala har suka sha kwana, ba ta yi kuka ba.

Da ruwa ya janye ban sake gina gidan Argungu ba, na kwaso ku muka dawo Badariya. Sauran kun gani da idonku. Kun san uwarku ba ta zuwa barka, ba ta zuwa suna, in ɗayarku ta haihu sai ta aika gwaggonku ta zauna da ita, kuka riƙa jin haushi kuna cewa Inna ba ta damu da jikoki ba. Duk sallah takan ɗinka kaya ta ba ni in kai Gulma. Shekarun farko ana karɓa a zaure a yi godiya, ba a fito mini da yarinyar. Daga baya Arzika ya yi wani aure ya koma wajen Yawuri da ita. Kulu ta ci gaba da ɗinkin tana ƙiyasta tsawon yarinyar da ka, ina bayarwa a mota. Sau da yawa na roƙe ta ta sake ni daga alkawarin, na ce Malam Bawa ya rasu, tsohuwar nan ta rasu, duniya ta canza. Sai ta ce bakin mutane bai canza ba, a bari yarinya ta yi aure tukuna. Da labarin auren ya zo, ba a gayyace mu ba, na sake tuna mata. Ta ce a bari ta haihu lafiya. Na yi fushi da ita ranar, na ce sai yaushe ke nan. Bayan nan ba ta ƙara shekara a duniya ba.

Ranar sadakar ukun Kulu kuna cikin gida da mata, ni ina zaure, mutane sun ragu. Sai ga wata matashiya da goyo ta yi sallama ta durƙusa nesa da ni. Ba sai an gaya mini ba, goshin Luba ne da idanunta. Ta yi mini gaisuwa kamar yadda ake yi wa baƙon dattijo, na amsa. Ɗan da ke bayanta ya motsa ya fara kuka, ta jawo shi gaba tana jijjigawa tana ba ni haƙuri.

"Haka yake, Baba, ba ya bari in runtsa. An ce ni ma haka niy yi ina jinjira."

Na ce yara sai haƙuri.

Ta gyara zama, ta dubi tabarma, ta ce ta daɗe tana so ta zo, ba ta samu ƙarfin zuciya ba sai da ta ji rasuwar. Ta ce kayan sallah duk suna isa gare ta, wasu sun yi mata kaɗan, wasu sun yi yawa. Sannan ta ɗago.

"Baba, abu guda nika son sani, in ba ka ji haushi. Don mi tar ruhe ƙohwar?"

Na dubi yaron yana ta kuka a ƙirjinta, na dubi idanunta da suka faɗa don rashin barci. Wadda ta ɗaure ni da alkawari tana cikin ƙasa kwana uku, babu mai hana ni. Da jimla ɗaya zan wanke uwarku a wurin mutum ɗayan da ta fi so ya wanke ta.

Na ce, "Sanyi na, ɗiyata. Ana ruwa rannan, ta ji tsoron sanyi shi kama uwarki."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta ce, "Da ta bar ta buɗe." Na ce haka ne. Ta yi addu'a, ta goya ɗanta, ta ce mota tana jiranta.

Ku na gaya wa don ku san wace ce ta haife ku. Saratu ta karɓi lambar wayar ƙanwarku, ta ce za ta riƙa kira. In ta tambaye ku, ku ce sanyi ne.